Haɗarin Mota ga Mai Juna Biyu: Abin da Ke Faruwa a Mahaifa da Hanyar Neman Diyya

Gabatarwa

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023, an ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗurran hanya, kuma idan aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki na duniya wannan asara. Cikin waɗanda haɗari ke rutsawa da su akwai mata masu juna biyu, wasu a kan hanyar zuwa awo, wasu za su wurin aiki ko biki ko ta'aziyya. Lamarin mai ciki ya bambanta da na sauran fasinjoji ta fuska biyu. Da farko, rayuka biyu ne a jiki ɗaya, kuma ɗaya daga cikinsu ba shi da bakin faɗin inda ke masa ciwo. Na biyu, raunin da ya fi yi wa ɗan tayi barazana sau da yawa ba a ganin sa da ido. Mace na iya fitowa daga mota da ƙafarta, ba ko ƙwarzane a jikinta, jama'a su yi mata barka da arziki, alhali kuwa jini na taruwa a cikin mahaifarta.

Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa a jikin mai ciki yayin haɗari, da matakan da ya kamata a ɗauka bayansa, da kuma hanyar da doka ta tanada domin neman diyya.

Karo uku a haɗari ɗaya

Ɗaliban kimiyya sun san dokar farko ta motsi ta Newton, wadda ta nuna cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya har sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. Saboda haka masana kan ce a kowane haɗari ana yin karo uku. Na farko shi ne karon mota da abin da ta daka. Na biyu shi ne karon jikin fasinja da sitiyari ko gilashi ko bayan kujerar da ke gabansa, domin mota ta tsaya amma shi bai tsaya ba. Na uku shi ne karon kayan ciki, kamar ƙwaƙwalwa da hanta da saifa, da bangon jikin da ke kewaye da su. Ga mai juna biyu, wannan karo na uku ya haɗa da mahaifa da duk abin da ke cikinta.

Ƙarfin bugun yana ƙaruwa fiye da yadda gudun ke ƙaruwa. Idan aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da ke tattare da motsin yakan ninku sau huɗu. Motar da ta daki bango tana gudun kilomita 50 a awa, daidai take da wadda ta faɗo daga tsayin mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Wannan gudu kuwa shi ne wanda direbobi ke ɗauka a matsayin tafiyar hankali a cikin gari.

Yadda mahaifa ke kare ɗan tayi

A makonni 12 na farkon ciki, mahaifa ƙarama ce, tana zaune a cikin ƙashin ƙugu wanda ya kewaye ta kamar ganuwa. A wannan lokaci da wuya bugu ya same ta kai tsaye. Bayan haka sai ta fara tasowa zuwa cikin ciki. A mako na 20 takan kai daidai cibiya, a mako na 36 kuwa takan kai ƙarƙashin ƙashin ƙirji. Tana girma bangonta na raguwa kauri, kuma babu wani ƙashi a gabanta, sai fata da tsokar ciki.

Duk da haka ɗan tayi ba a tsirara yake ba. Yana iyo ne a cikin ruwan faya, wanda ke shanye bugu ya rarraba shi ta kowace fuska. Shi ya sa ba kasafai ake samun karaya ko rauni kai tsaye a jikinsa ba, sai a haɗari mai tsanani, musamman a ƙarshen ciki idan kansa ya riga ya sauka cikin ƙugu kuma ƙashin ƙugun uwar ya karye. Wurin da ya fi rauni a wannan tsari shi ne inda mabiyiya ta manne da bangon mahaifa.

Rabuwar mabiyiya

Mabiyiya ita ce tsokar nan da ke biyo bayan jariri a wurin haihuwa. Ta wurinta ne ɗan tayi ke samun iskar oksijin da abinci daga jinin uwarsa ta igiyar cibiya, ta wurinta kuma yake fitar da dattin jikinsa. Bangon mahaifa tsoka ce mai miƙewa ta koma kamar roba. Ita kuwa mabiyiya ba ta da wannan hali. Idan bugu ya lotsa mahaifa farat ɗaya, sai bangon ya miƙe, mabiyiya ta kasa bin sa, ta ɓanɓare. Malami na iya nuna wa ɗalibansa wannan a aji: a hura balan-balan, a manna ɗan guntun kwali a jikinsa da gam, sa'an nan a matse shi da ƙarfi. Robar za ta sauya siffa, kwalin kuwa zai ɗago ta gefe.

Ba dole ne sai wani abu ya bugi cikin ba kafin haka ta faru. Tsayawar mota ta farat ɗaya kaɗai na iya jefa mahaifa gaba da ƙarfin da zai yage mannewar. Littattafan likitanci sun nuna cewa ana samun rabuwar mabiyiya a tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na ƙananan haɗurra, a manyan haɗurra kuwa takan kai kusan kashi 40 cikin ɗari. Da yake ƙananan haɗurra sun fi manya yawa nesa ba kusa ba, yawancin cikin da ake asara ta wannan hanya daga haɗurran da aka raina ne.

Alamomin rabuwar sun haɗa da ciwon ciki ko na baya, da taurin ciki, da naƙuda mai zuwa a kai a kai, da zubar jini, da raguwar motsin ɗa. Sai dai akwai lokacin da jinin ba ya fitowa waje, yakan taru ne tsakanin mabiyiya da bangon mahaifa. Haka kuma alamomin na iya jinkirta bayyana na sa'o'i da dama. Ban da wannan, haɗari na iya jawo fashewar faya kafin lokaci, ko naƙudar bakwaini, ko kuma fashewar mahaifa kanta, wadda ba ta cika faruwa ba amma tana da matuƙar haɗari.

Jikin uwa na ɓoye zubar jini

A lokacin ciki, yawan jinin da ke jikin mace yakan ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, tanadi ne domin ɗan tayi da kuma jinin da za a zubar a wurin haihuwa. Wannan tanadi na iya yaudarar mai duba ta bayan haɗari. Mai ciki na iya zubar da fiye da lita ɗaya na jini ba tare da awon jininta ya faɗi ba. Abin da jiki ke yi a wannan hali shi ne ya tsuke hanyoyin jinin da ke zuwa sassan da yake ganin za su iya jira, domin ya wadata zuciya da ƙwaƙwalwa. Mahaifa na cikin sassan da ake rage wa kaso. A ƙarshen ciki fiye da rabin lita na jini ke ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya, don haka raguwarsa kan taɓa ɗan tayi nan da nan. Sau da yawa sauyin bugun zuciyar ɗan tayi, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 110 da 160 a minti, shi ne alamar farko da ke nuna cewa uwar na zubar da jini a ciki.

Abin yi a wurin haɗari

Ƙa'idar farko a wurin masu ceto ita ce, ceton uwa shi ne ceton ɗa. Wajibi ne a sanar da su cewa tana da ciki, da kuma watanninsa, ko da cikin bai fito ba. A Nijeriya ana kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta lamba 122. Idan ana zaton wuya ko gadon baya ya taɓu, kada a fizgo ta daga mota sai in akwai barazanar wuta. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Kada a ba ta abinci ko abin sha, domin wataƙila a bukaci yi mata tiyata.

Idan ciki ya wuce mako 20, kada a kwantar da ita rigingine. Nauyin mahaifa yakan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini daga ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya, wadda ke ɗan ɓangaren dama na gadon baya. A kwantar da ita ta gefen hagu. In kuwa an ɗora ta a kan allo saboda tsoron karayar baya, sai a tokare gefen dama na allon ya ɗan karkata hagu, ko a tura cikin zuwa hagu da hannu a hankali. Ba a murza cikin, ba a gasa shi, ba a kuma fara kai ta wurin maɗori. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, dokar FRSC ta 2007 ma ta sanya ƙin karɓar wanda ya yi haɗari cikin laifuffuka.

A asibiti

Duk mai cikin da ta yi haɗari, komai ƙanƙantarsa, ya kamata likita ya gan ta a ranar. Idan cikin ya kai girman da za a iya bin bugun zuciyar ɗan tayi da na'ura, akan sa ido a kansa da kuma motsin mahaifa na aƙalla sa'o'i 4. In aka ga naƙuda ko jini ko ciwo, ko kuma haɗarin ya yi tsanani, sai a tsawaita zuwa sa'o'i 24. Hoton ciki da aka fi sani da sikanin yana da amfani wajen ganin ɗan tayi da yawan ruwan faya, amma yakan kasa gano rabuwar mabiyiya a kusan rabin lokuta ko fiye. Saboda haka kyakkyawan hoto ba ya maye gurbin sa ido. Idan likita ya bukaci hoton ƙashi, bai kamata a ƙi ba don tsoron illa ga ɗa, domin hasken da ke cikin hoto ɗaya ko biyu ya yi ƙasa ƙwarai da adadin da ke nakasa ɗan tayi, karayar da ba a gano ba kuwa na iya halaka su biyun.

Wani abin da ake dubawa shi ne rukunin jini. Yawancin mutane na ɗauke da wani sinadari a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu da ake kira Resus, shi ne ake nunawa da alamar tarawa a katin jini. Marasa shi, masu alamar ɗebewa, ba su kai ɗaya cikin goma ba a Nijeriya. Idan uwa ba ta da Resus amma ɗan cikinta ya gado shi daga uba, kuma haɗari ya sa jininsa ya tsallaka cikin nata, jikinta zai ɗauke shi baƙo ya ƙera masa makaman yaƙi. Waɗannan makamai kan zauna a jikinta su farfasa jinin 'ya'yan da za ta ɗauka nan gaba. Allurar Anti-D na hana haka idan aka yi ta cikin sa'o'i 72. Haka kuma akan yi allurar tetanas idan akwai buɗaɗɗen rauni.

Bayan sallama, a koma asibiti ba tare da jinkiri ba idan aka ga jini ko ruwa na fita, ko ciwon ciki, ko jiri, ko ɗa ya rage motsi. Firgita da rashin barci da tsoron shiga mota su ma ciwo ne da ya kamata a gaya wa likita.

Ɗaura bel

Mata da yawa na ƙin ɗaura bel don gudun kada ya matse ɗa. Wannan tunani ya taɓa samun gindin zama har a kotu. A wata shari'a da aka yanke a Ingila a 1975, alƙali Lord Denning ya ce za a rage wa wanda bai ɗaura bel ba kashi 25 cikin ɗari na diyyarsa idan bel zai iya hana raunin gaba ɗaya, ko kashi 15 idan zai rage shi, amma ya ambaci mai ciki cikin waɗanda za a iya yi wa uzuri. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akasin haka: mai cikin da ta ɗaura bel yadda ya kamata ta fi wadda ba ta ɗaura ba tsira, ita da ɗanta.

Bel mai kama wuri uku, wanda injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro a 1959, aikinsa shi ne ya ɗora ƙarfin bugu a kan ƙasusuwa masu ƙwari. Igiyar ƙasa ta bi ta ƙarƙashin ciki, ta kwanta a kan ƙashin ƙugu da saman cinyoyi. Igiyar sama ta bi ta tsakiyar kafaɗa, ta ratsa tsakiyar ƙirji, ta sauka ta gefen ciki. Ba a ɗora ko ɗaya a kan tudun ciki, ba a kuma mayar da ta sama bayan baya ko ƙarƙashin hammata. Mai tuƙi ta ja kujera baya har a sami tazarar kimanin santimita 25 tsakanin ƙirjinta da sitiyari, kuma kada a kashe jakar iska.

Wani bincike da aka buga a Kanada a 2014, wanda ya bi mata fiye da 500,000 a lardin Ontario, ya gano cewa yiwuwar yin mummunan haɗari ga mace mai tuƙi ta ƙaru da kashi 42 cikin ɗari a watanni ukun tsakiyar ciki. Masu binciken sun danganta hakan da gajiya da ƙarancin barci da tashin zuciya. A garuruwan Arewa kuwa, akwai ƙarin matsalar babur da a-daidaita-sahu waɗanda ba su da bel, da motocin haya da ake cusa mutum biyu a kujerar gaba. Gwargwadon hali, mai tsohon ciki ta nemi mazaunin da ke da bel.

Haƙƙi da diyya

Al'ada ce mai kyau a ce wa wanda ya yi kuskure an yafe, to amma a lamarin mai ciki gaggawar sulhu a bakin titi na iya zama cuta, domin ba a san girman ɓarnar ba tukuna. Bai kamata a sa hannu a takardar da ke cewa an karɓi kuɗi an rufe magana ba, sai an haihu an duba lafiyar jariri, ko an nemi shawarar lauya.

A dokar da kotunan Nijeriya ke bi, mai neman diyya kan tabbatar da abubuwa huɗu: cewa kula da lafiyar masu amfani da hanya nauyi ne a kan direban, cewa ya yi sakaci da wannan nauyi, cewa an sami rauni, kuma cewa sakacin ne ya jawo raunin. Na huɗun ne ya fi wuya a sha'anin ciki, domin ɓari da haihuwar bakwaini na faruwa ko ba haɗari. A nan ne zuwa asibiti a ranar ke da amfani na biyu. Katin awo na nuna cewa ciki lafiya yake kafin haɗari, bayanan likita na ranar kuma na nuna abin da ya sauya. Wadda ta zauna a gida mako biyu kafin ta je, ta bar ƙofar musu a buɗe.

Sauran hujjojin da ake adanawa su ne rahoton 'yan sanda, da lambar mota, da bayanin inshorarta, da sunayen shaidu, da hotunan wurin, da rasit na kowane magani da gwaji. Diyya iri biyu ce. Akwai ta asarar da ake iya lissafawa, kamar kuɗin asibiti da albashi ko cinikin da aka rasa, wadda kotu ba ta bayarwa sai da hujja dalla-dalla. Akwai kuma ta raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa. Tun daga dokar 1945 aka wajabta wa masu mota a Nijeriya inshorar da ke biyan wanda suka yi wa ɓarna, kuma a farkon 2023 hukumar kula da inshora, wato NAICOM, ta sanya kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida. Amfanin wannan tsari shi ne kamfani ne ke biya, ko da direban talaka ne, muddin takardar ba ta jabu ba ce.

Shin jaririn da aka ji wa rauni tun yana ciki yana da haƙƙin kansa? Kotun Ƙoli ta Kanada ta amsa da e a 1933, a shari'ar wata yarinya da aka haifa da nakasar ƙafafu bayan mahaifiyarta ta faɗo daga motar taragon birnin Montreal tana da cikin wata bakwai. Ingila ta mayar da wannan ƙa'ida doka a 1976, da sharaɗin a haifi yaron da rai. Fiƙihun Musulunci ya daɗe da yin magana a kan wannan. Wanda ya yi sanadin zubewar ciki ana ɗora masa diyyar da ake kira gurra, wadda a mazhabar Malikiyya take daidai da kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar. Idan kuwa an haifi yaron da rai, sa'an nan aka tabbatar raunin ne ya kashe shi, cikakkiyar diyya ce.

Shigar da ƙara na da wa'adi, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Idan motar hukuma ce tana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati na iya taƙaita wa'adin zuwa wata uku kacal. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa lafiyar da ake gani a fuskar mai ciki bayan haɗari ba ta isa shaida a kan lafiyar abin da ke cikinta ba. Mabiyiya na iya ɓanɓarewa a ɓoye, jikin uwa kuma na iya rufe zubar jini na tsawon sa'o'i. Abubuwa uku ne ke rage asara: ɗaura bel ta ƙarƙashin ciki, zuwa asibiti a ranar da abin ya faru, da adana kowace takarda kafin a shiga maganar sulhu. Malaman kimiyya na iya amfani da wannan batu wajen haɗa darasin motsi da na haihuwa a aji ɗaya. Ɗalibai kuwa, kusan kowanensu na da uwa ko yaya ko matar wa da ke shiga mota da ciki, kuma ta bakinsu ne wannan ilimi zai fi saurin isa gida.